Yadda Mama Tabita Ta Ɗaukaka Ƙara

Shekara ashirin Mama Tabita, malamar firamare mai ritaya, tana jan waƙa a zumuntar matan cocinsu. In ta ɗaga murya a unguwar Gyadi-Gyadi, har a Darmanawa sai a amsa. Sai aka yi mata tiyatar maƙoƙo a wani asibiti, wuƙar likita ta taɓa jijiya, ta farka sai raɗa. Ta kai ƙara don kawai likitan ya amsa laifinsa, alƙali ya ce ƙaddara ce.

Lauyanta, Barista Garzali, ya ce, "Mama, kar ki damu, ranar Litinin za mu ɗaukaka ƙara."

Ta raɗa masa, "Ɗana, da wace muryar?"

Shi ya ɗauka wasa take. Ita kuwa ta koma gida tana tunanin wanda ba shi da murya ai sai ya aro. Ranar Litinin Barista ya leƙo ta tagar ofishinsa ya ga Mama da matan zumunta talatin cikin anko, da tulun kiɗa da kacau-kacau, suna gyaran murya.

"Mama, takarda ce fa. Hannu kawai za ki sa."

"To tunda sun zo, sai sun yi."

Ta sa hannu, su kuma suka yi baiti uku, har masu shaguna suka taka rawa.

Bayan shekara biyu kotun sama ta ce sakacin likita ne. Mama ta bi gida-gida tana raɗa labarin, tana dariya, kowa sai ya sunkuyo ya kawo kunne.