Auta da injin yankan ciyawa

Usman ne sunanshi na yanka, amma a Gangara in ka ƙwala kiran Usman, mutum biyar za su waiwayo, shi ba ya ciki. Auta ake ce mashi. Shi ne na tara a ɗakin innarmu, kuma tun da wuri aka gane ba manomi aka haifa ba. In ka miƙa mashi hauya, sai ya samu inuwa ya zauna shina duba yadda aka ɗora ƙarfen a ƙota. Tocilar baba uku ya kwance, biyu ba su sake haske ba har yau. Lakol kuwa, wato makarantar boko, a aji huɗu suka rabu, ba faɗa ba tashin hankali, kowa dai ya gaji da kowa.

Shina da shekara goma sha huɗu baba ya sa shi a mota sai Agiye, wurin Malam Na'Allah, wani tsoho mai gyaran fanka da injin ban ruwa a wata rumfa kusa da tasha. Shekara goma sha biyu Auta ya yi a nan. Ya yi aure, matarshi Shatu ta haihu biyu, amma a bakin mutanen tasha har yanzu shi "yaron Na'Allah" ne.

A ƙarƙashin teburin rumfar akwai wani tsohon inji mai ƙafa huɗu, jan fentinshi duk ya koɗe. Injin yankan ciyawa ne, mai aiki da wutar lantarki. Wasu turawa masu aikin dashen itace suka zo da shi tun zamanin da, don su riƙa aske ciyawar gaban buronsu, wato ofishinsu. A Agiye fa. Garin da akuya ke cin kwali saboda rashin ganye. Da suka tashi suka bar shi, ya zagaya hannu ya zagaya, ya ƙare a matsayin kujerar baƙin Na'Allah.

Bara idon tsohon ya fara hazo, ya ce zai koma ƙauye. Sai maganar rumfa ta tashi. Maƙwabcinsu Bakari, mai saida tayoyi, ya daɗe shina auna ta da ido, don ya faɗaɗa shagonshi. Shi wannan Bakari mutum ne mai yawan ibada, musamman in da jama'a. Duk Alhamis sai kowa a tasha ya san shina azumi, har direbobin da ke wucewa kawai.

Na'Allah ya tara su biyun, ya buga ƙafa a kan injin. Ya ce, "Auta, ka tada wannan kafin ranar kasuwa, rumfa taka ce. In bai tashi ba, Bakari ya zuba tayoyinshi."

Bakari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ai da ka ce ya tada kakata, ita ma tun zamanin turawan take kwance."

Auta ya jawo injin daga ƙarƙashin teburi. Ya san in rumfar nan ta tafi, sai dai ya kwashe Shatu da yara su koma Gangara, wurin hauyar nan da ba sa ga maciji da juna.

Ya kwance injin. Ƙafafu da wuƙar duk wasa ne, mai da goga suka ishe su. Matsalar tana can ciki: wayar jan ƙarfen da aka naɗa a cikin motar injin, wato zuciyarshi, ta ƙone ƙurmus, ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Dole a warware ta a naɗa sabuwa. Kuma aikin nan ƙa'ida ɗaya gare shi: zagaye nawa ka warware, zagaye nan za ka mayar. Ka rage, inji ya yi zafi ya ƙone. Ka ƙara, ya yi ta nishi kamar tsohon jaki. Wayar kuma da ka taɓa sai ta karye guntu-guntu, ke nan sau ɗaya za ka ƙirga, babu komawa.

To ƙirga a bakin tasha ba ƙaramin aiki ba ne. Kana talatin da bakwai wani zai tsaya: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina mai jiki, ina labarin mutanen Gangara. Kafin ka gama amsawa lissafi ya bi iska. Rubutu kuwa, mun dai ce aji huɗu. Shi ya sa Auta ke da tashi dabara: duk zagaye goma, sai ya jefa gujiya, wato gyaɗa, ɗaya mai ɓawo a cikin wani ɗan kwano da ke gefenshi.

Ranar Alhamis ce. Tun hantsi shina warwara shina jefawa. Wajen azahar Bakari ya zo ya zauna a benci dab da kwanon, wai ya zo ganin aikin injiniya.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. In ya tashi, ciyawar wa za ka yanka? Ko gemun Malam?"

"Allah dai ya tada shi, Baba Bakari."

"Amin, amin. Ni yau bakina ba ƙarfi, ka san azumi nake."

Auta bai ɗago kai ba, idonshi na kan waya. Ya cire zagaye na ƙarshe, ya ce alhamdu lillahi, ya juya ya ɗauki kwano.

Kwano fes. Kamar an wanke.

Ya duba ƙasa, ko ɓawo ɗaya babu. Akuya ba ta shigo ba, kuma da akuya ce da kwanon ma ya kife. Ya dubi tulin baƙar wayar da ta zama gari. A ranshi ya riga ya ga kanshi a bayan motar Gangara, da katifa a cinya.

Sai idonshi ya sauka a kan aljihun rigar Bakari. Ya yi tulu, kuma duk motsin da mutumin ya yi sai ya ce ƙaras.

Ga mutane cike da rumfa, ga dattijo sa'an babanshi. Auta ya durƙusa, ya sassauta murya. "Baba, don Allah ka ara mani abin da ke aljihunka."

"Wane aljihu? Kai, yaro, ka san da wa kake magana?"

Na'Allah ba ya gani sosai, amma kunnenshi ko sauro ya yi tari sai ya ji. Ya ce, "Bakari, tun ɗazu nake jin ɓera na aiki a bencin nan. Zazzage mana shi mu gani."

Bakari ya dubi gabas ya dubi yamma, bai ga hanya ba. Ya sa hannu ya fara fito da ɓawo, dunƙule bayan dunƙule, shina zubawa a teburi.

Auta ya yi sauri ya ce, "Mantuwa ce, Baba. Azuminka na nan."

"Ƙwarai, mantuwa ce," in ji Na'Allah. "Ƙirga mana mu ji sau nawa ya manta."

Allah ya taimaka Bakari gwani ne wajen ɓare gujiya, kowace gida biyu yake raba ta, tsaf. Auta ya riƙa haɗa ɓari da ɓari. Talatin da bakwai. Saura ɗaya ba abokin zama. Sai da aka juye aljihun waje aka samu abokin nashi maƙale a ɗinki. Talatin da takwas, gujiya goma sha tara, zagaye ɗari da casa'in. Mantuwa goma sha tara a zama ɗaya, kuma duk ya tuna ya ɓoye ɓawon.

Kwana biyu Auta ya yi shina naɗa sabuwar waya, wannan karon da tsakuwa a kwano. Ranar kasuwa da safe aka jawo injin bayan rumfa, inda ƙarangiya ta fito. Auta ya jona shi da wutar lantarki. Injin ya yi tari sau biyu, ya girgiza, sannan ya ɗauki kuka mai daɗi, ba hayaƙi ba wari. Auta ya tura shi taku shida, iyakar tsawon wayar lantarkin ke nan, ya aske ƙarangiyar nan tas. Mutanen da suka ce ba zai tashi ba su suka fi kowa tafi, har wani na cewa shi dama ya sani.

Na'Allah ya ɗora tafin hannu a kan injin ya daɗe, shina jiran zafi. Zafi bai zo ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin akwatin kayan aiki, ya miƙa. "Karɓi, Malam Usman."

Ranar ce aka fara kiran Autanmu da sunanshi a Agiye, har shi kanshi sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Yanzu rumfa tashi ce, masu injin ban ruwa har daga Gidan Rumji suke kawo mashi aiki. Injin yankan ciyawa kuwa ya koma ƙarƙashin teburi, don har yau garin bai tsiro da ciyawar da za a yanka ba, amma ba mai zama a kanshi kuma. Bakari na nan da tayoyinshi, a matse. Suna gaisawa lafiya lau. Ranar Alhamis dai ta wancan gefen titi Bakari yake bi.