Takin da Ya'u Ya Ba Ciyawar Rai

Ya'u ya yi rabin rayuwarsa yana yaƙi da ciyawa a gonar geronsu da ke bayan Tasawa, sai Allah ya kawo shi Madina ya ɗora masa renon ciyawa. Duk lokacin da ya faɗa wa mutanen gida a waya cewa aikinsa shi ne shayar da ciyawa da yi mata aski, dariya suke yi har su ƙware. Shi ma yakan taya su, amma cikin ransa yana alfahari da filin ƙwallon nan na wani kamfani da ke wajen unguwar Ƙiblatain, don ko ɗan tsinke bai yarda ya kwana a kai ba.

Wanda ya samar masa aikin Ammu Bakri ne, wani dattijo Bahaushen Sudan da suke ɗaki ɗaya a unguwar Ƙurban. Shi ke feshin magani a filin. Bakri ya tsufa a Madina, kuma burinsa ɗaya ne tak, kowa ya haddace shi: ya mutu a garin, a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Idan alhazai suka koma gida, ko 'yan'uwa suka kira daga Sudan suka ce a isar musu da sallama ga Manzon Allah, Bakri ne ke ɗauka ya kai. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Idan sanyi ya kusa, tsohuwar ciyawar filin takan yi barci ta koɗe, sai a watsa irin wata a kanta, wadda Larabawan wurin ke kira rai. Sunan Turawa ne suka gutsure, amma kunnen Ya'u na Bahaushe ne. Tun ranar da ya ji, ya riƙe ta a matsayin ciyawar rai, yana lallaɓa ta fiye da kima.

A shekarar da abin ya faru, an yi shukar da wuri, zafi bai gama tafiya ba. Ciyawar ta tsiro kore shar, sannan ɗigo-ɗigo masu launin toka suka fara fitowa a ganyen, bakin ganyen yana lanƙwashewa kamar ƙugiya. Muhandis Abdulfattah, injiniyan da ke kula da filin, ya tara ma'aikatan ya yi bayani da Larabci: cuta ce irin ta funfuna, tana son ɗumi da laima, tana son taki. Bakri zai yi feshi, a sauya magani daga wannan zagaye zuwa wancan don kada cutar ta saba. Ban ruwa da sassafe kawai. Taki kuwa, ya ɗaga yatsa, mamnu', wato an hana.

Ya'u ya ji sarai, Larabcinsa ya kai nan. Yarda ce bai yi ba. Manomin gero ne ɗan manomin gero, kuma a wurinsu shuka in ta yi rawaya yunwa take ji, ba wata doguwar magana. Ta yaya za a ɗura wa maras lafiya magani a hana shi abinci? Bayan la'asar, da kowa ya watse, sai ya ɗebo takin yuriya a sito ya cika aljihun rigarsa. Bai watsa ba, don kada a gani. Yadda ubansa ya koya masa ya yi: taku ɗaya, ɗan tsunkule, taku ɗaya, ɗan tsunkule. Ya kuma buɗe ruwa don takin ya narke. Ya koma gida da farin cikin wanda ya yi sadaka a ɓoye.

Kafin mako ya zagayo, filin ya ƙone. Ciyawar ta zube jajir, wasan da aka shirya aka ɗage shi, mai kamfanin ya zo da kansa yana huci.

"Min sawwa haza? Wa ya yi wannan?" in ji muhandis, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya.

Ya'u ya sunkuyar da kai. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ga 'ya'ya a Tasawa. Harshensa ya yi nauyi, kuma gaskiya shi ya bar shi ya yi nauyin. Muhandis ya yanke cewa maganin ne bai yi aiki ba, wato mai feshi ya cika masa ruwa, ido ya tsufa ba ya ganin awo. Ba a kori Bakri ba. Mai kamfanin ya ce don girman furfurarsa za a mayar da shi garin Yanbu, can bakin teku nesa da Madina, ya riƙa ban ruwan furanni a gidajen ma'aikata. Su a ganinsu sassauci ne.

Ranar tafiyar, Bakri na ɗaure kayansa, Ya'u na tsaye bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ammu Bakri, akwai maganar da..."

"Halas, Ya'u. Na sani." Dattijon bai ko ɗago ba. "Na hau saman benen 'yan kallo na duba. Inda ta fi ƙonewa layi-layi ne, taku ɗaya tsakani. Muhandis bai taɓa shuka gero ba, ni kuwa na shuka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Jira na yi kai ka faɗa. Da na ga ba ka faɗa ba, na ce yaransa ƙanana ne." Ya ja zaren jakar ya ƙulle.

Ya'u ya ce yanzu zai je ofis. Bakri ya girgiza kai, ya ce an riga an sauya takardu, zuwansa ba zai dawo da kowa ba, sai dai a rasa biyu. Wataƙila gaskiya ne. Abin da ke cin Ya'u har yau shi ne yadda ya yi saurin yarda, da sanyin da ya ji a ƙirjinsa lokacin da aka ce kada ya je.

Da motar ta zo, Bakri ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. In ka shiga Harami, ka isar mini da sallamata ga Manzon Allah."

Yanzu Ya'u ne ke goya tankin feshi. Yana auna magani daidai, yana sauya shi a kan lokaci, buhun yuriya kuwa ko kallonsa ba ya yi sai an ce. Ciyawar rai ta dawo kore, kowa na yaba masa, shi kuwa yabon ɗaci yake yi masa.

Kowace Juma'a yakan bi layin masu ziyara, ya tsaya inda ake tsayawa, ya ce ga sallamar Bakri, bawan Allah da ke Yanbu. Tasa sallamar kuwa, da muryar da ba ta fita yake yin ta, kansa a ƙasa, ya wuce da sauri.