Katin Kambai a Hannun Baba Lau

Lau Kam-wing ya bar ƙauyensu na bayan Hong Kong yana da shekara goma sha tara. Ya wanke tukwane a gidajen abinci na Birmingham har hannunsa ya yi kanta, sannan ya koma wani siton tufafi a Cheetham Hill, inda ya shekara ashirin da shida yana ɗaga kwalaye. Bai taɓa neman hutu ba. Ranar da ya binne matarsa ma, da la'asar ya dawo bakin aiki.

A can Kambai ya same shi a 2012, da wani kamfanin samar da leburori ya turo shi, bayan tsuke bakin aljihun gwamnati ya rufe laburaren da yake aiki. Manajar siton ita ce Wing-yan, 'yar mai wurin, haifaffiyar Salford. Ita ta kawo na'urar da kowa ke goga katinsa in ya iso, kuma biyar na bugawa take ɗaukar jakarta.

"A zamaninmu sai mai gida ya kashe fitila ake tafiya," in ji Baba Lau.

"Shi ya sa bayanka ya lanƙwashe, Kawu," in ji ta.

Sai ciwon sikila ya ɗauke Clara, 'yar Kambai tilo. Sati uku bai leƙa waje ba, bai kira kowa ba. Ya san a irin aikinsa fashin kwana uku ya isa a nemi wani.

Ranar da ya koma, Wing-yan ta kira shi ofis. Kamfanin da ya turo shi aiki ya aiko wasiƙa: takarda ta ce yana hutun rasuwa, na'ura kuma ta ce kullum ƙarfe shida yana goga kati, yana gama kason kwalayensa. Ɗaya ƙarya ce, kuma hukuncin ƙarya kora.

"Takardar hutun dai ni na cika maka tun ranar farko," ta ce. "Katin fa?"

Kambai bai sani ba. A akwatinsa na sito ya bar shi.

Baba Lau ya shigo ba sallama, ya ajiye katin a tebur. "Ni ne."

"Kawu! Na ba shi hutu!"

"Hutu." Ya yamutsa fuska. "Mutum ya dawo daga hutu ya tarar da wani a gurbinsa. Da idona na gani."

"Yanzu akwai doka."

"Dokar ce za ta ɗaga kwalayen?"

Kambai ya dubi hannuwan tsohon. Shekara sittin da takwas, aikin ƙato biyu, sati uku, ba wanda ya ji daga bakinsa. Ita ma Wing-yan ba ta gaya wa kowa nata ba. Tsakanin ofis da sito taku goma ne, kowa ya rufa masa asiri a ɓoye daga ɗan'uwansa.

Wing-yan ta jawo kwamfuta ta rubuta wa kamfanin gaskiya: Kambai hutu yake, ma'aikacin siton ne ya goga katin, laifin nata ne da ba ta sanar ba.

"Kai kuma, Kawu, hutun sati guda. Umarni ne."

"Kwana biyu."

"Kawu!"

A waje Kambai ya matso zai yi godiya. Baba Lau bai yi masa ta'aziyya ba, har yau bai yi ba. Ya ciro lemo daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

"Ci," ya ce. "Motar kaya ta iso."