Gajeriyar Taɓaryar Gwaggo

Jiya na ga taɓaryar Gwaggo a bayan rumbu, raina ya ɓaci. Ita ta sa aka rage mata tsawo don ta riƙa daka a zaune, saboda ƙafafunta sun shekara bakwai a kumbure. Har yanzu ina jin nishinta cikin ƙarar turmi.

Mijinta kuwa, Baba, tarin kwana biyu ya yi, aka ɗora shi a amalanke sai gidan likita a garin Dakoro. Na ce, "Baba, ita fa?"

Ya ce, "Wadda ke dakan hura? Lahiya lau take."

Gwaggo ta ce, "Bari, ɗiyata. A gidan ga mace ba ta ciwo sai ta faɗi."

Ta faɗi kuwa, a gindin turmin. Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya ba ki hutun da muka hana ki.