Kwamfutocin da Nu'uman Ya Koya wa Barci

Nu'uman ɗan garin Augie ne, mahaifinsa manomin albasa. Ya yi difloma a fannin kwamfuta a Birnin Kebbi, ya shekara shida yana gyara a bakin kasuwa, kafin wata ƙungiyar manoman shinkafa ta Argungu ta ɗauke shi aiki. Ba shi da yawan magana. In ya duƙufa kan na'ura, ko sallama ba ya ji.

Ƙungiyar tana da kwamfutocin hannu takwas na yi wa manoma rajista, wani ɗan kwangila ne ya kawo su da manhajar Linux a kansu. Da an ɗauke wuta, batir ba ya kai minti arba'in. Manoma su baro fadama, su wuni a rana, a ce su dawo gobe.

Kwana uku Nu'uman yana bincike. Ya gano cewa a kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'urar, an bar sashen tattalin wuta a kashe. Ya buɗe jerin saitin, ya kunna shi, ya sake gina kanel ɗin, ya ɗora wa duka takwas. Batir ya koma kai awa uku, kuma duk wadda aka bari ba a taɓa ba sai ta yi barci, allonta ya yi duhu.

Ran Litinin, ma'aikata sun fita sallar azahar, Alhaji Maliki shugaban ƙungiyar ya shigo da baƙi zai nuna musu ofis. Ya tarar da allo takwas baƙi ƙirin.

"Nu'uman! Mi ka yi ma injunan ga?"

"Barci suka yi, Alhaji."

"Inji na barci? Gaban baƙi za ka raina min hankali?"

Nu'uman ya danna maɓalli ɗaya, allon ya haskaka. Wani baƙo ya kwashe da dariya. Wannan dariyar ce Alhaji bai yafe ba.

Sati bai zagayo ba aka sallami Nu'uman, aka kira ɗan kwangila ya mayar da komai yadda yake.

Yanzu Nu'uman gyaran waya yake yi a tashar mota a Birnin Kebbi. Matarsa Laure ta sha ce masa ya je ya ba Alhaji haƙuri. Ran nan ya ajiye cokali, ya dube ta.

"Laure, in na tai, laifin mi zan ce na yi?"