Wuƙar da ta naɗe a hanyar Ringim

Mun tashi daga unguwar Takur da ke Dutse ana idar da sallar asuba, mu abokai cikin mota ɗaya, za mu ɗaurin aure Ringim. Ni ne a gaba, aljihuna ɗauke da sabuwar wuƙa mai naɗewa da na yi oda ta waya. Kyau kam ba a magana: ƙota baƙa mai sheƙi, da babban yatsa ake buɗe ta ta ce ƙas, ga wani ɗan ƙarfe a ciki da aka ce shi ke hana ta rufewa. Tun kafin mu fita Dutse na ishi kowa da labarinta.

Hanya lafiya lau har Kiyawa, daga nan ramuka suka fara yi mana sannu da zuwa. A Jahun muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Rake ya yi araha bana, muka saya, na hana mai raken ya fere mana, na ce ai da kayan aikina nake tafe. Ta kuwa fere shi sumul. Ta yanka kankana, ta huda gwangwanin madara, har wata waya da ta sako a ƙarƙashin mota da ita direba ya datse.

Mun ɗan wuce Gujungu muka hango wata tsohuwa a bakin titi tana ɗaga hannu bibbiyu. Akuyarta ce babbar mota ta buge ta wuce, tana kwance tana shure-shure. Maza duk sun tafi fadama, kuma a al'adar garin mace ba ta yanka.

Ta ce, "'Ya'yan nan, ku taimaka ku yanka min kafin ta zama mushe. Ita kaɗai gare ni."

Direba ya yunƙura zai shiga gari neman wuƙa, na tare shi. Na ce, "Ina za ka? Inna, kwantar da hankalinki, ga wuƙa."

Aka riƙe min akuya, aka fuskantar da ita alƙibla, na yi bisimilla na ɗora. Wuƙa ta dinga zamewa a kan gashi kamar cokali, ashe aikin safiya ya cinye kaifinta. Na danna da ƙarfi, ɗan ƙarfen nan ya saki, ta naɗe a kan yatsana. Jinin da ya zuba a wurin nawa ne. Sai a lokacin direba ya ruga da gudu, yana dawowa da wuƙa akuya na cikawa.

Da Inna ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure min yatsa, tana cewa, "Sannu ɗan nan, ka yi niyya. Haka Allah ya so." Mun haɗa mata abin da ya sawwaƙa, amma na kasa haɗa ido da ita. A Ringim aka kawo shinkafa da nama, ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da yamma muka juyo gida, ba wanda ya tsokane ni. Wuƙar dai ta fere rake ce da ado, duk mai son ya saya ya sani, ba ta riƙe kaifi kuma makullinta ba abin dogaro ba ne. Amma abin da na koya ya wuce wuƙa: kada in sake cika baki da abin da ban gwada ba, a inda wani zai yi asara. Da na yi shiru na bar direba ya tafi tun farko, da Inna ta ci halalinta.