Rama a Bayan Tankin Ruwa

Shekarar da iyalina suka koma Katsina saboda karatun yara, na kama ɗaki biyu a ƙasan wani gida a unguwar Madinat Khalifa da ke Doha, irin gidajen da ake rarrabawa da bango a zuba 'yan haya. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki. In wuni ina Turanci, in dawo ba mai amsa mini sallama sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ko da yake a lokacin ba zan yarda in faɗa ba.

Cikin ƙunshin kuka da daddawa da yayata ta aiko mini, na tsinci wani ɗan ƙullin leda mai irin rama. Na kira ta ina tambaya, ta yi dariya. "Ka shuka ko ka samu abin yi. Muryarka ba ta yi mini daɗi ba."

Na ji haushin maganar saboda gaskiya ce. Ni da tun ina yaro nake gudun fartanya, sai ga ni a kanti ina sayen ƙasa a buhu. Ƙasa fa, wadda a gida sharewa ake yi a zubar! Na huda bokitan fenti na jera su a gindin taga, don lokacin tsakiyar zafi ne, ko kyanwa ba ta yarda ta taka waje da rana. Suka tsiro sirara, suna miƙa wuya wajen gilashi. Da safe in jujjuya bokitan, da yamma in ba su ruwa da butar alwala ina kawo musu ƙarar wanda ya ɓata mini rai a wurin aiki. Ba su taɓa goya wa kowa baya ba sai ni.

Da zafi ya sauka, ɗakin ya yi musu kaɗan. A bayan kicin ɗina akwai ɗan fili tsakanin katanga da tankin ruwa, bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ranar farko na yi garaje, na fitar da su na bar su cikin rana na tafi aiki. Na dawo na tarar sun yi laushi, gefen ganyen ya ƙone. Na zauna a kan bulo har aka kira magariba, ban iya tashi ba. Daga nan na bi su a hankali. Na ɗaura tsohon zanin gado daga tanki zuwa katanga ya zama rumfa, kullum ina ɗan janye shi har suka saba. Sai na haƙa ramuka, na gauraya yashin wurin da ƙasar kanti, na dasa su. Suka kama, suka miƙe har suka kai mini ƙirji.

Wanda ya san rama ya san halinta. Ganyen ƙasa mai faɗi ne, amma in ta yi tsawo sai na sama ya rarrabu kamar yatsun hannu, da ɗan tsaga-tsaga a gefe. Ni dai abin da idona ya gani shi ne ramata ta girma.

Mutum ɗaya nake yin Hausa da shi ido da ido, direban mai gidan da nake haya, ɗan Zangon Kumasi. Ranar Juma'a yakan biyo mini mu tafi masallaci, mu dawo mu sha shayi. Wata Juma'a ya shigo ya ƙi zama.

"Alhaji, abin da ka shuka a baya, mutumin sama ya ɗauki hoto ya tura ma maigida. Ya ce wiwi ne."

Na yi dariya har da tari. "Wiwi? Rama ce! Kai ba ka san rama ba?"

"Ni na sani, kakana na dafa shi da gujiya. Amma ɗan sanda na nan bai san rama ba. Kafin su gwada su gane, kafil naka da ya tsaya maka a ƙasar nan ya ji, wurin aiki sun ji. Khalas, shi ke nan. Maigida ya ce a cire kafin gobe, in ba haka ba shi zai kira su da kansa."

Raina ya ɓaci. Ni da furfurata, ko taba ban taɓa sa wa a baki ba, ni ne mai noman wiwi a ƙasar da ba a wasa da irin wannan magana. Na ce masa ya zo ya duba, ta kusa yin fure, kuma duk wanda ya ga furen rama ba zai sake kiran ta wani abu ba. A ba ni 'yan kwanaki kawai.

Ya tsaya a ƙofar kicin bai taka waje ba. "Ka yi haƙuri, Alhaji. Ni ba zan shiga wurin ba, ina da yara a gida." Wannan ya fi hoton yi mini ciwo. Ya tafi bai sha shayin ba.

Na hau bene wurin maƙwabcin, wanda tsakanina da shi sai ɗaga hannu a bakin ƙofar gida. Ina jin talabijin a ciki, na yi ta ƙwanƙwasawa ba a buɗe ba. Ina saukowa na tuna ni ma ina da yara a gida, kuma wannan aikin ne ke riƙe da karatunsu.

Bayan la'asar na tuge su. Saiwar ta kama ƙasa sosai, sai da na sa hannu biyu. Na tsinke ganyen na dafa, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli cike da roba, abin da zai ishi gida guda. Na ci a tsaye, tsaminsa daidai yadda ya kamata. Karan kuwa na yayyanka shi ƙanana na ɗaure a baƙar leda, ina waige-waige kamar wanda ya yi laifin da gaske. Kan reshe ɗaya na kasa yankawa, na tsoma shi a kofin ruwa na tura bayan tukwane.

Da safe na shiga ɗora shayi, sai na ga ya buɗe. Fure ne babba, fari mai sirkin rawaya, tsakiyarsa ja wur. Na ɗauki kofin na haura bene da gudu, ko takalmi babu. Na buga ƙofa, shiru. Na kira direban, waya ta yi ta ringi har ta katse. Na tsaya a matakala riƙe da kofi, motar wurin aiki tana mini oda a waje.

Furen rama wuni ɗaya yake yi. Da na dawo da yamma ya riga ya murɗe ya faɗa cikin ruwan, kuma duk Doha ba wanda ya gan shi sai ni.